Kwalin da Juwairiyya Ta Ɗaga

Shafi na 19

Masu cika min waya da "Anti Ummuhani ina ci gaba", ga shi nan, ku sarara min haka. Wallahi ba jan aji na yi ba, shafin ne ya ƙi rubutuwa, ina farawa ina ajiyewa. Wadda ta san hawayenta a kusa suke ta nemi wurin zama tun yanzu.

Sababbin shigowa kuma, ga inda muke. Naja'atu malama ce a Tudun Wadan Zariya. Ita ce mai ajin nan na ranar Asabar a garejin gidanta, inda yara ke yanka kwali, su dama gam da garin rogo, su rubuta abin da yake damunsu, su koyi yadda ake fitowa a faɗi magana ba jifa ba zagi. Juwairiyya 'yar cikinta ce, 'yar fari. An kai ta yaye gidan Saratu, yayar Naja'atu da Allah bai ba haihuwa ba, sai mahaifiyarsu Inna Kulu ta ce a bar ta can, shi ke nan bakin alƙalami ya bushe. Yau shekara goma ake nema. Yarinya tana kiran Saratu Mama, wadda ta haife ta kuma Anti. Yanzu an yi wa mijin Saratu canjin wurin aiki zuwa Fatakwal, gobe Lahadi za su tashi, da Juwairiyya.

To, mu je.

Ana idar da sallar la'asar ƙofar gidan Naja'atu ta cika. Mata a kan tabarmi daga gindin katanga, maza a kan bencinan da aka aro wurin mai shayi. Har mai unguwa Malam Salmanu ya zo, shi da a farko ya ce wannan ba aji ba ne, makarantar koyon tsaurin ido ce, sai da jikarsa ta tasa shi gaba da kuka ya bari aka sa ta.

Ranar ɗaga kwali ke nan, ranar rufe zango. Tsarin kuwa Naja'atu ce ta kafa shi da kanta, kuma ba ta ɗaga wa kowa ƙafa a kai. Ba ta leƙa kwalin yaro kafin ranar. In sun gama aiki kowa sai ya kifa nasa jikin bango, don ta ce babba in ya gani hannunsa ƙaiƙayin gyarawa yake, daga nan magana ta tashi daga ta yaro. Sannan in yaro ya ɗaga kwalinsa sama ya ambaci wanda yake nufi, ba zai sauke ba sai an ba shi amsa. Ko "a'a" ce, a dai faɗa masa da baki. Shiru ne kawai ba ta yarda da shi ba.

Khubaib ne ya fara, wani ɗan gajere mai bakin tsiya. Nasa a kan kwatar bakin layi ce da ke cika duk damina har sai sun cire takalmi kafin su wuce makaranta. Ya ce da mai unguwa yake. Malam Salmanu ya yi gyaran murya, ya gyara hula, ya waiga ko akwai mai ceto, babu. Ƙarshe ya ce zai tara matasa a yashe ta kafin ruwa ya sauka. Aka yi tafi.

Sumaiya, jikar tasa, ta ɗaga nata da jan fenti ya zubo ta gefe: BABA KA DAINA CEWA GOBE. Uban ya rufe fuska da hula, wuri ya kaure da dariya.

Naja'atu ma tana dariya, amma iyakarta leɓe. Mako guda ke nan abinci ba ya wuce mata wuya. Ko sau ɗaya ba ta kalli inda Saratu ke zaune kusa da Inna Kulu ba. Mijinta Malam Zulkiflu tun ran Talata ya faɗa mata cewa in ta buɗe baki ta nemi 'yarta zai tsaya mata, amma shi ba zai fara ba, kada a ce ya shiga tsakanin 'yan'uwa. Ta ce masa ba komai, ai ɗa na kowa ne. Ta juya ta ci gaba da dakan naman da za ta yi musu dambu na guzuri.

Juwairiyya ce ta ƙarshe.

Siririya, doguwa, da idanun Naja'atu sak, abin da kowa yake gani babu mai faɗa. Ta fito daga gareji tana jan kwali babba, irin na talabijin, ta kifa shi a jikinta har ta zo tsakiya. Ba ta kalli kowa ba. Ta ja numfashi ta ɗaga shi sama da hannu biyu.

Babu fenti a jiki. Haruffan da ƙyalle aka yanka su, aka manna ɗaya bayan ɗaya.

Naja'atu ba rubutun ta fara gani ba, ƙyallen ta gani. Shuɗiyar atamfa mai zanen ganye, ta koɗe don wanki. Zanin goyonta ne. Da shi ta naɗe yarinyar ranar da aka zo ɗaukarta yaye, ta miƙa wa Inna, ta koma ɗaki ta rufe ƙofa don kada a ga fuskarta. Sannan idonta ya sauka a kan maganar.

NI BA KYAUTA BA CE. KI CE IN ZAUNA.

Muryar yarinyar ta fito a hankali, amma babu wanda bai ji ba.

"Da Anti Naja'atu nake. Wadda ta haife ni."

Wata mata da ke shayar da jariri ta tsaya da zani a hannu. Mai unguwa ya dasa ido a kan takalminsa.

Ba ɓoye wa yarinyar aka yi ba fa, ku gane. Sunan Zulkiflu take amsawa a makaranta, ta san komai tun tana ƙarama. Ba a dai faɗa ne. A gidansu Naja'atu uwa ba ta nuna ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta tsoma baki a zancensa, balle ɗan da aka ba 'yar'uwa. Duk tsawon shekarun nan "ke yarinya" ne tsakaninsu. In Juwairiyya ta zo aji, sai Naja'atu ta fi tsananta mata a kan sauran, don kada wani ya ce ta nuna bambanci.

Inna Kulu ce ta fara motsi. Ta tafa hannu tana salati, ta ce yau ga abin da ake gudu, an tara 'ya'yan mutane ana koya musu fitsara ga shi ta dawo gida. Ta ce a sauke wannan abin kunyar tun kafin ta tashi.

Juwairiyya ba ta sauke ba.

Haka aka koya mata. Wanda aka ambata shi zai amsa, ba wani ba.

Hannayenta suka fara rawa. Kwalin yana da nauyi, ga gam bai gama bushewa ba, iska tana kaɗa shi baya. Ta ƙara buɗe ƙafa ta tsaya. Hijabinta ya zame ya rufe mata gefen ido, ba hannun gyarawa. Ba ta yi kuka ba, kallon Naja'atu kawai take.

Ita kuwa Naja'atu maganar tana nan a bakinta, wallahi tana nan. Kalma biyu ce. Ta buɗe baki, sai idonta ya kai kan Saratu. Yayarta ta sunkuyar da kai, ta damƙe bakin mayafi. Saratun da ta yi jinyar yarinyar nan lokacin ƙyanda, ta kwana da ita a asibiti, wadda ba ta da kowa a ɗakinta sai ita. Naja'atu kuwa Allah ya ƙara mata maza biyu. In ta ce "ki zauna" a gaban unguwa guda, ta tsinka yayarta, ta ƙaryata uwarta, gobe a ce Naja'atu ta yi kyauta ta dawo ta ƙwace.

Sai ta yi murmushi. Murmushi fa, jama'a.

"Ke yarinya, ban da shirme. Ga Mamanki can zaune. Ki bi ta, Allah ya yi miki albarka."

Wanzami ba ya son jarfa. Matar da ta shekara tana tsaye a kan yaran mutane tana cewa su faɗi abin da ke ransu ko murya na rawa! Ni dai Naja'atu kin ba ni haushi, kin kuma ba ni tausayi, ban san wanne ya fi ba.

Matan da ke kan tabarma suka sauke ajiyar zuciya. Wata ta ce kai, Naja'atu akwai kara, 'yar halak ke nan. Inna Kulu ta gyaɗa kai ta koma ta jingina.

Juwairiyya ta sauke kwalin a hankali. Hannayen sun ƙage, sai da ta ɗan tsaya kafin su saki. Akwai abu na ƙarshe da ake koya musu, duk amsar da aka ba ka, mai daɗi ko marar daɗi, ka yi godiya don an saurare ka. Ta ɗan rusuna.

"Na gode, Anti."

Ta kai kwalin ta kifa shi jikin bango, ta je ta zauna kusa da Saratu. Har aka yi addu'a aka watse ba ta sake ɗaga kai ba. Da keke ya zo ɗaukarsu ita ta fara shiga, ta zauna can ƙurya.

Naja'atu ta tsaya ta sallami kowa, ta mayar da benci, ta naɗe tabarmi, ta share guntayen kwali. Sannan ta shiga gareji ta ja ƙofa. Ta zauna a ƙasa cikin gwangwanayen fenti ta toshe baki da mayafi, don ko kukan ma ba ta so yaranta maza su ji.

Washegari da hantsi ta hau acaɓa zuwa gidan Saratu a Kwangila da robar dambun nama a cinya. Ta ce wa kanta guzuri kawai za ta kai ta juyo.

Motar kaya tana ƙofar gida, masu lodi suna ɗaure katifu. Alhaji Attahiru mijin Saratu yana tsaye yana nuna musu, suka gaisa a gurguje, ya ce ta shiga Yayarta na ciki. Ya faɗa yana kallon wani wuri.

Falon ya zama fili, sai shatin kujeru a ƙasa. Saratu na zaune a kan wani akwati, idanunta sun kumbura. Naja'atu ta durƙusa ta gaishe ta, ta ajiye robar, ta fara ba da haƙuri a kan abin da ya faru jiya. Ta ce yarinta ce, kada Yaya ta sa a ranta, ita ba ta san abin da ke jikin kwalin ba, da ta sani da ba ta bari an ɗaga ba.

Saratu ta bar ta har ta kai aya.

"Ke ba ki sani ba. Ni na sani."

Naja'atu ta ɗago.

"Ni na ciro mata zanin daga ƙasan akwatina. Ni na riƙe mata ƙyallen tana yankawa, don almakashin ya yi mata girma."

Saratu ta ci gaba, muryarta a dushe, ba faɗa take ba, da faɗa ne da ya fi sauƙi. Ta ce tun da maganar tafiya ta taso yarinyar ta daina cin abincin kirki. Ba ta taɓa cewa ba za ta je ba, yarinya ce mai biyayya. Amma duk Asabar tun asuba take wanka ta zauna tana jiran lokacin aji, kuma ba kwali ne yake kai ta ba. In ta dawo sai ta yi ta labari, Anti ta ce kaza, Anti ta dafa kafaɗar wance, Anti ta yi wa wane dariya. Ita dai ba a taɓa dafa tata ba. Saratu ta ce tun tana jin kishi har ta koma jin tausayi.

Ta nuna bayan ƙofa da haɓa. Wata jaka ce babba a ajiye ita kaɗai, nesa da sauran kaya, da jakar makaranta a kanta.

"Kayanta ne. Tun ran Alhamis na ware su. Mun gama magana da Alhaji, in kika nema, a bar miki ita."

"Yaya..."

"Bari in gama, don in na tsaya ba zan iya ba. Ina son yarinyar nan kamar raina, Allah shi ne shaida. Amma ba zan kai ta wata uwa duniya tana waiwaye ba."

Naja'atu ta tambaye ta, cikin kuka yanzu, to me ya hana ta faɗa mata? Me ya hana ta kamo hannun yarinyar ta kawo ta Tudun Wada ta ce ga 'yarki?

Saratu ta yi wata dariya marar daɗi.

"In kawo miki ita ba ki nema ba? Gari ya ce Saratu ta gaji da riƙo, ta samu tafiya ta yar da 'yar mutane? Ita kanta me za ta ɗauka? Uwa ta bayar, mai riƙo ta mayar, babu mai so ke nan. Ni ba ni da bakin mayarwa, Naja'atu. Ke ce mai bakin nema. Shi ya sa na ga gara a yi a gaban mutane, kowa ya ji yarinya ce ta roƙa, uwa ta amsa, ni kuma in ce na yarda. Babu wanda zai zargi kowa. Jiya da na sunkuyar da kai addu'a nake Allah ya buɗe bakinki."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kun gani ko? Wannan tana yi wa wannan kara, wannan tana yi wa wannan, yarinya a tsakiya da hannu a sama.

Naja'atu ta rarrafa ta kama ƙafar yayarta. Ta ce ta nema yanzu, ta nema, a bar mata ita, ko me Inna za ta ce ta ce. Saratu ta janye ƙafar a hankali ta share fuska da bayan hannu. Ta ce ita har yanzu tana kan bakanta, amma magana ta bar hannunta. Jiya da suka dawo yarinyar ba ta yi kuka ba, ba ta ci abinci ba, ta yi sallah ta kwanta. Da safe ta ce Mama, a sa jakata a mota.

Kafin ta rufe baki labulen ɗaki ya motsa.

Juwairiyya ta fito cikin shirin tafiya, doguwar riga da farin hijabi, da takalmi a ƙafa. Ta ga Naja'atu a ƙasa. Ta rusuna ta ce Anti ina kwana, kamar yadda za ta gai da kowace baƙuwa. Ta wuce bayan ƙofa, ta rataya jakar makaranta, ta kama hannun babbar jakar ta fara ja. Jakar ta fi ƙarfinta, tana ja tana tsayawa.

Naja'atu ta miƙe ta sha gabanta a bakin ƙofa. Ta durƙusa har tsayinsu ya zo ɗaya. Ta ɗora hannu a kafaɗarta.

"Juwairiyya."

Yarinyar ta ɗan firgita, don ba ta taɓa jin sunanta a wannan bakin ba. Idonta ya kawo ruwa, ta yi sauri ta ƙifta.

"Ki zauna. Ina so ki zauna. Tun ranar da aka ɗauke ki ban daina so ba, ko kwana ɗaya. Ni ce uwarki, ki yafe min."

Saratu ta juya musu baya tana kallon bango, kafaɗunta suna girgiza.

Juwairiyya ta daɗe tana kallon hannun da ke kafaɗarta. Ba ta ture shi ba, ba ta kuma saki jakar ba. Daga waje direba ya danna hon, Alhaji yana cewa a yi sauri rana na yi.

"Anti, a gaban mutane na tambaye ki."

Ta ɗago ido, hawayen suka zubo duka biyu.

"Nan babu kowa. In mun fita waje za ki koma ce min ke yarinya."

Naja'atu ta rantse mata ba za ta koma ba. Ta ce ta faɗa mata inda take so ta faɗa, ko a tsakiyar kasuwar Tudun Wada ne za ta je ta tsaya ta faɗa.

Yarinyar ta girgiza kai.

"Ba sai kasuwa ba. Ki faɗa a gaban Inna."

Inna fa, jama'a. Inna Kulun da ko yau, Naja'atu da 'ya'yanta da aikinta, ba ta taɓa haɗa ido da ita ba in tana magana. Innar da ta ce ranar da duk wata 'yarta ta tayar da maganar nan, ta nemi wata uwar.

Babu wadda ta ji tsayawar keke a ƙofar gida. Ga takun sanda a kan siminti, ƙwas, ƙwas, da sallamar da su duka ukun suka sani. Tsohuwa ta zo sallamar matafiya.

Labulen ƙofa ya ɗaga. Inna Kulu ta kalli Saratu da ke kuka, ta kalli jakar, ta kalli Naja'atu a durƙushe da hannu a kafaɗar yarinyar.

"Na ji ana ambatona tun daga zaure. Me za a faɗa a gabana?"

Juwairiyya ta saki hannun jakar, ta juyo ta zuba wa uwarta ido.